Kafin A Mai Da Garke Jif, A Tsaya A Yi Lissafi

Maganar da muka ɗauko a wannan karo ba ta shanu ba ce kai tsaye, amma da yake kuɗin shanu take ci, muna ganin nan ne wurin yinta. Maganar sayen jif ce, watau babbar motar nan mai tudu wadda yanzu kowa yake so a gan ta a ƙofar gidansa da sunan motar iyali. Duk wanda ya tsaya bakin babban masallacin Zango na nan Kwatano ranar Juma'a bayan an sallame, ya ga yadda Highlander da Prado da Lexus suke cushewa wajen fita, ya san abin ya zama yayi a cikinmu. Mu ba mu ce laifi ne ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kwana a saman tirela daga Malanbil zuwa bakin teku, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi, in Allah Ya hore masa ai ya cancanci kujera mai taushi, iyalinsa ma sun cancanci su huta da hawan zemijan. Ƙorafinmu a kan yadda ake sayen ne, da kuma aljihun da kuɗin yake fitowa.

Abin yana ba mu mamaki ƙwarai. Mutumin da ba zai sayi sa ɗaya tak ba sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya taɓa tozo, ya danna gindin wutsiya, ya sa yaro ya kora shi don ya ga takunsa, ya tambayi kasuwar da aka ɗauko shi, sa'an nan ya yi tayi a ce masa albarka, ya juya kamar zai tafi har sai an kirawo shi, wai shi ne zai je filin motoci na Sekanji ko Ekpe, ya zagaya mota sau biyu, ya ga fenti yana ƙyalli, ya shiga ya kunna sanyi ya lumshe ido, ya fito ya ƙirga miliyoyi ya miƙa. Ashe wayon da muka koya wajen iyayen gidanmu a kara yake tsayawa, ba ya bin mu filin mota? To ra'ayinmu dai shi ne a sayi mota kamar yadda ake sayen sa, kuma a biya kuɗinta daga riba, kada a taɓa uwar kuɗi.

Mu fara da kuɗin. Falken shanu bai kamata ya ƙirga kuɗin mota da sefa ko naira ba, da kawuna ya kamata ya ƙirga. Mu ƙaddara, misali kawai, an sallama maka jif a kan sefa miliyan 12, alhali matsakaicin sa yana tsaya maka a kan 400,000. Ka ga kawuna 30 ke nan, kusan lodin tirela guda. To ba kawunan nan 30 kaɗai ka bayar ba. Ka bayar da duk ribar da lodin zai kawo maka a kowane zuwa, in yana juyawa sau takwas ne a shekara ko sau goma, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Sa in ka ɗaure shi wata uku kana ba shi harawa da dusa da angurya, zai ƙara nama ya ƙara kuɗi. Karsana in ka bar ta a ruga za ta haihu. Ita kuwa mota tun ranar da aka sa mata lamba take ramewa, ga shi kullum sai ta ci. Tun muna Islamiyya malamanmu suka karantar da mu cewa dabbar hawa da gidan zama ba a fitar musu da zakka, amma kayan fatauci ana yi musu kima a fitar. Ga mai lura wannan kaɗai ya isa ya nuna masa wace ce dukiya mai haɓaka, wace ce kuma ta amfani kurum.

Da asarar a kan mai motar kaɗai take tsayawa, da ba mu ɓata takarda ba. Amma kowa ya san sana'armu a kan amana take tafiya. Bafulatani ya ba dillali, dillali ya haɗa shi da falke, falke ya yi lodi ya zo ya sauka wajen mai gida, mai gida ya tsaya wa mahauci ya ɗauka bashi, sai ya yanka ya sayar sa'an nan kuɗi ya fara komawa baya ta hanyar da shanun suka biyo. Ba takarda, ba lauya, sai kalmar baki da sanin asali. To ranar da mutum ya zare lodi guda daga cikin jarinsa ya sa a ƙarfe, ba ya rage yawan kayan da yake ɗauka, don kada a ce ya yi ƙasa. Sai ya fara cike gurbin da kuɗin mutane, ya karɓi na wannan ya biya wancan. Haka zai yi ta rufa-rufa har ranar da tirela ta faɗi a hanya, ko mahauci ya gudu da kuɗin kai biyar, ko aka rufe iyaka, sai ka ji asiri ya tonu ana neman dattawa su zauna. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu a ƙungiyar nan ya san irin wannan shari'a, ya kuma san wanda yake fin kowa shan wuya shi ne mai shanun can ruga, wanda bai taɓa ganin motar ba balle ya hau.

Akwai kuma wata illar da ba a cika faɗa ba. Jif tana sayo wa mutum yardar da bai kai ba. Baƙo ya zo da kaya, ya ga Alhaji ya fito daga Prado, sai ya saki jiki ya ba shi bashi ba tare da ya tambayi kowa ba. Mu iyayen gida ma wani lokaci idonmu yana rufewa. Alhali mota ba ta nuna abin da mutum yake da shi, abin da ya kashe take nunawa.

Amsar da muka fi ji in an yi wannan magana ita ce, ai mota ma kadara ce, in ta ɓaci sai a sayar. To wa za a sayar wa? Shekaru da dama tashar jirgin ruwan Kwatano ita ce babbar ƙofar motocin hannu masu shiga Nijeriya, har a Kano da Sakkwato in an ce mota 'yar Kwatano ce kowa ya san abin da ake nufi. A wancan zamani in ka sa mota a kasuwa da safe, kafin la'asar wani ya zo daga Ikko ko Kaduna ya ɗauka. Amma daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa, filayen hanyar Seme suka yi tsit. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakar, ba a buɗe Seme ba sai Disamba 2020. A watan Yuni 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati take sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan kusan 656, saboda haka mai naira ya zo ya ga motar Kwatano ta fi ƙarfinsa. Ta arewa kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kuma ko da aka ɗage takunkumi a Fabrairu 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Duk abubuwan nan da suka kashe kasuwar mota su ne dai suka dagula kasuwar shanu, a lokaci guda. Watau ranar da za ka matsu ka nemi sayar da jif ɗinka don ka biya mutane, ita ce ranar da maƙwabcinka ma yake neman sayar da tasa, mai saye kuwa babu. Kadarar da ba ta sayuwa sai ranar da ba ka buƙatar kuɗinta, ai ba za a jingina da ita ba.

Mu da muka ga 12 ga Janairu 1994 muna samari muna bin iyayen gidanmu, ba mu manta ba. Dare ɗaya aka karya sefa, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Naman ƙanƙara da ake kawowa daga Turai ya yi tsada, kasuwannin bakin teku suka juyo kan shanun arewa, wanda yake da kawuna a hannu ya ci kasuwa. Wanda jarinsa yake kwance cikin ƙarfe kuwa sai kallo, ga taya da batir da kayan gyara duk sun tashi.

Game da bashin banki mai ruwa ba sai mun tsawaita ba, kowa ya san hukuncinsa. Abin da za mu ƙara kawai shi ne banki wata-wata yake karɓa, mu kuwa kasuwarmu lokaci gare ta. Akwai gab da Layya, akwai ƙarshen shekara, akwai kuma watannin da mutum zai yi ta lodi yana fita da ƙyar. In dai ana son mota, a ware mata asusu daban ko a yi mata adashi, duk lodin da ya yi albarka a cire wani abu a jefa. In ya cika a saya, in bai cika ba a ci gaba da hawan wadda ake da ita.

To a ce kuɗin ya cika, halas, daga riba. Wace za a saya? Da farko mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan kalmar nan sabuwa. Mafi yawan abin da muke kira sabuwar mota a wajenmu ne kaɗai take sabuwa, ta riga ta yi rayuwarta a Amurka ko Turai. Sabuwa dal sai a kamfani, irin su CFAO masu sayar da Toyota. Kuma ya kamata a sani cewa dokar kasafin kuɗin Benin ta 2022 ta sassauta wa sababbin motoci ƙwarai, ta rage kashi 90 cikin 100 na kimar da duwan suke yin lissafi a kai, 95 ga masu haɗa fetur da lantarki, 99 ga masu lantarki zalla, ta kuma ɗauke musu harajin TVA. Irin wannan sassauci shekara-shekara ake duba shi, saboda haka mai niyya ya tambaya ya ji ko yana aiki ranar da zai saya. Amfanin sabuwa shi ne ka san tarihinta tun daga kilomita ɗaya, ga garanti. Illarta kuwa, a shekarun farko ne kuɗin mota ya fi zubewa, kai ne za ka ɗauki wannan zubewar. Sababbin jif-jif na Sin da suka shigo kasuwa suna da kyan gani da sauƙin kuɗi, ba kuma mu raina su ba, sai dai kafin a biya a zagaya wajen masu kayan gyara a tambayi fitilarta da gilashinta da famfon manta, a ji ko akwai, a ji kuma nawa.

In ta hannu ce, nan ne ake buƙatar idon kara. Da yawa daga jif-jif ɗin da ake kawowa daga Amurka a gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, watau motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci su, kamfani ya biya mai su ya sallama. Guguwar Harvey kaɗai da ta afka wa jihar Texas a 2017 ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa. A kawo irinsu a buga, a yi fenti, a wanke inji da sabulu, a fesa turare. Wannan da san da aka ɗura wa kanwa da ruwa daren kasuwa don cikinsa ya fito, ai duk ɗaya ne. Saboda haka a ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, a leƙa ƙarƙashin kujera a ga ko akwai busasshen laka ko tsatsa a kan ƙarafan, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa a ga ko ruwa ya bar masa zane. In an murɗa makulli, fitilar jakar iska ya kamata ta kama sa'an nan ta mutu. In ba ta kama ba sam, to wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe. A kuma tuna motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil 100,000 kuwa kilomita 160,000 ne, in ma ba a mai da agogon baya ba ke nan. Haƙoran mota su ne lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. A kwafe ta a ba yaro mai waya ya bincika a intanet, sau da yawa har hoton motar ranar gwanjo yakan fito, ka ga gabanta a murƙushe.

Kada kuma a yarda da bakaniken da mai mota ya kawo. Mu dillalai ne, mun san wanda la'adarsa take rataye da faɗuwar ciniki ba zai ce sa gurgu ne ba. Ka zo da naka, ka yanka masa ladansa tun a gida, ka gaya masa ko an saya ko ba a saya ba kuɗinsa ɗaya ne. Sa'an nan a tambaya tun kafin tayi, kuɗin nan da duwan ne ko babu? Domin motar da aka shigo da ita da takardar wucewa zuwa wata ƙasa daban take da wadda aka biya wa kuɗin zama a Benin, kuma bambancin ba kaɗan ba ne.

Sai maganar ƙarfi, wadda samari suka fi so. Za ka ji ana cewa wannan silinda shida ce, tana cin hanya kamar iska. Tambayar ita ce wace hanya? Babbar hanyarmu daga Kwatano zuwa Bohikon, Dasa, Sabe, Paraku, Kandi har Malanbil kwalta ce, manyan kasuwanni irin na Paraku da Gogunu kuma a kanta suke. Wanda tafiyarsa ba ta wuce nan ba, da Seme zuwa Ikko, ba ya buƙatar motar hawan dutse. Kuma ba kowace mai tudu ce motar daji ba. Highlander da Lexus RX a kan ginin Camry aka yi su, jiki da ƙasa a haɗe, shi ya sa suke da laushin tafiya, da yawa daga cikin Highlander ɗin da ake kawowa ma ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Prado da Land Cruiser da Fortuner su ne aka ɗora a kan shasi na ƙarfe daban kamar Hilux, su ne masu jure rami da laka, amma sun fi tsada, sun fi nauyi, sun fi jijjiga. Mutum ya sayi ta farko yana zaton ta biyu ya saya, ya shiga da ita hanyar ruga da damina, sai a nemo shanun noma su jawo shi. Mai shiga rugage da ƙananan kasuwannin da ke nesa da kwalta motar aiki yake buƙata, ko tsohuwar a-kori-kura ko ma babur. In aka ce mota ɗaya ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta bin daji, ita ce kuma ta ɗauko ragon Layya a baya, to ba za ta yi shekara uku da mutuncinta ba.

Ƙarfi kuma da mai ake biyansa. Daga nan zuwa Malanbil da dawowa wajen kilomita 1,460 ne. Mu ƙaddara babbar tana shan lita 13 a kowace kilomita 100, ƙaramar mai silinda huɗu irin RAV4 tana shan 9, lita kuma mu sa ta sefa 700 don sauƙin lissafi. Babbar za ta sha wajen lita 190, kuɗinsu 133,000. Ƙaramar wajen lita 131, kuɗinsu kusan 92,000. Ka ga bambancin ya haura 40,000 a zuwa ɗaya, wanda sau da yawa ya fi ribar da ake samu a kan sa guda. Da can ba ma wannan lissafi, saboda kpayo yana nan a kwalabe a kowace kwana, da araha. Amma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kowa ya ga yadda kpayo ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki har ya kamo na gidan mai. Arahar da muka gina son manyan injina a kanta ba tamu ba ce, ta gwamnatin wata ƙasa ce, ta kuma janye abinta. Bugu da ƙari injinan zamani ba sa son man da ba a san asalinsa ba. Highlander kanta daga ƙirar 2023 an cire mata silinda shida an sa huɗu mai turbo, irin wannan inji kuwa yana son mai mai tsabta da baƙin mai na ƙwarai a kan lokaci, in ba haka ba ya kwanta.

Amma a wajenmu babban ma'aunin ƙarfin mota shi ne wannan: in ta tsaya maka tsakanin Bembereke da Gogunu da ƙarfe biyun dare, da iyali a ciki, wa zai iya taɓa ta? Abin da ya sa iyayen gidanmu suka riƙe Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975, ba kyanta ba ne. Kowane bakanike na bakin hanya ya san cikinta, kayanta kuma har a ƙauye akwai. Motar yau kwamfuta ce mai taya huɗu, in fitila ta kama sai an jona mata na'ura kafin a san ciwonta. Ba talla muke yi wa kowa ba, amma dalilin da ya sa Toyota take riƙe kuɗinta a ƙasashen nan shi ne kayanta da masu gyaranta suna ko'ina, daga Kwatano har Yamai har Kano. Akwai wasu manyan jif-jif na Turai da za a sallama maka da arahar da za ta ba ka mamaki. Arahar tana da dalili, ranar da ƙafa ɗaya ta zauna za ka ji shi.

Gaskiya ɗaya da za mu ba masu son jif ita ce ruwan Kwatano. Wanda yake zaune wajen Agla ko Fifaji ko Vosa ya san abin da damina take yi daga Afrilu zuwa Yuli, waɗanda suka ga ambaliyar 2010 kuwa ba sa buƙatar bayani. Tudun mota yana da amfani a nan, ko da yake aikin shimfiɗa tituna da aka fara a 2018 ya rage wahalar a unguwanni da dama. Sai dai jif ba kwalekwale ba ce. In ruwa ya kai inda inji yake shaƙar iska, ya shiga, to sai sabon inji. Iskar teku kuma tana cin ƙarfe, saboda haka a sa mota a rami a duba cikinta daga ƙasa kafin a saya, musamman wadda ta fito daga garuruwan ƙanƙara inda ake zuba gishiri a titi.

Mun bar jin daɗi a ƙarshe, ba don ba shi da muhimmanci ba. Ai don shi ake sayen motar. Sai dai jin daɗin wa? In da gaske motar iyali ce, to waɗanda za su zauna a baya ya kamata a tambaya, amma sai ka ga Alhaji ya tafi filin mota da abokansa, uwargida ba ta ga mota ba sai a ƙofar gida. Tsohuwa mai ciwon gwiwa hawa Prado aiki ne a gare ta. Kujerun layi na uku na Highlander na yara ƙanana ne, in kuma aka ɗaga su wurin kaya ya tafi, alhali mu ba ma tafiya gida Sallah sai da buhu da akwati da jarka. Mai mata biyu da 'ya'ya in ya yi wa kansa adalci Sienna ce motarsa, mai kujera bakwai ko takwas, ga ƙofa mai zugewa, ga ƙasa kusa, ga wurin kaya. Mun san abin da yake hana mu, wai ta yi kama da motar haya. To wannan kuma ba maganar jin daɗin iyali ba ce, maganar idon mutane ce, sai a kira ta da sunanta.

Abin da ya cancanci a biya kuɗi a kansa shi ne sanyi mai isa har baya, domin wanda ya ratsa Kandi da Malanbil a watan Maris ko Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san wannan ba alatu ba ne. Sai bel ga kowane mai zama, da jakar iska mai aiki, da birki da taya na ƙwarai, kuma a daina ɗora yaro a cinya a kujerar gaba. Amma kujerar fata da ke ƙona mutum in ta sha rana, da rufi mai buɗewa wanda ƙarshensa yoyo, da manyan ƙafafu masu siririyar taya da rami ɗaya yake fasawa, da talabijin a bayan kujera, duk waɗannan kuɗin maraƙi ne ake zubarwa. Akwai ma jin daɗin da ya fi duk waɗannan, watau mutum ya wuce ba a lura da shi ba. Tun ƙarshen 2021 ake samun hare-hare a arewacin ƙasar nan, wajen Alibori da Atakora, ban da 'yan fashi da masu satar mutane waɗanda suka san ranar kowace kasuwa kamar yadda muka sani. Falken da ya sauka a kasuwa cikin baƙar jif mai baƙin gilashi ya riga ya yi shelar abin da yake ɗauke da shi. Ko ba ɓarawo, mai sa in ya ga motar sai ya ƙara kuɗi.

Kada kuma a manta da cin shekara-shekara. Akwai inshora, akwai duba lafiyar mota a CNSR, akwai harajin TVM wanda yake hawa gwargwadon ƙarfin inji, ga taya huɗu na jif da kuɗinsu ya kusa na ɗan maraƙi. Mai ƙetare iyaka kuma sai da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda a nan Kwatano aka sa hannu a kan yarjejeniyarsa a 1982. Da yake Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a Janairu 2025, mai niyyar zuwa can ya tambayi kamfanin inshorarsa tun kafin ya tashi, kada sai abu ya faru a fara neman wanda zai biya.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce a nemi kanikawa biyu ko uku amintattu, masu na'urar duba inji, a yi magana da su a kan lada tsayayye, duk ɗan ƙungiyar da zai sayi mota ya ɗauki ɗaya su tafi tare. Iyayen gida kuma su riƙa tsaya wa mutum a kan yadda yake biya, su bar duban abin da ya hawo. Wanda aka san ana bin sa kuɗin kaya, aka kuma ji yana zagayen filin mota, dattawa su kira shi gefe su yi masa magana tun kafin ya biya, domin bayan an sa lamba magana ba ta da amfani. Muna so a sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna a zama mai zuwa. Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, shafin nan a buɗe yake, musamman 'yan'uwanmu na Paraku da Kandi da Gaya waɗanda suka fi mu bin hanyar. Su rubuto su gaya mana wace mota suke hawa, shekara nawa ta yi a hannunsu, da abin da ta ci musu bara tsakanin mai da gyara da takardu.